Kwana tara a Suwis da jakar goyo

Tun da na dawo Garwa kowa tambayarsa ɗaya, wai ka ga ƙanƙara? Na gani daga nesa a kan duwatsu, amma abin da ya tsaya min a rai a tafiyar nan gonakin inabi ne, ni da ko warin giya ba na so.

Taro ne ya kai ni Jeneba ƙarshen watan Satumba, da aka tashi sai na ce ba zan sha wahalar biza a banza ba, na bar akwatina wajen wani ɗan garinmu na saɓa jakar goyo. A ciki akwai garin rogo, ƙuliƙuli, dabino da rigar sanyi guda da na tsinta a gwanjo. Kilishin da Inna ta ƙulle min tun a gida na bar shi, don ba a shiga musu ƙasa da nama daga wajenmu, har yau ba ta huce ba.

Kuɗi dai kar ma a yi maganarsu. Faran ɗinsu ɗaya ya kai kusan sefa 700, kai da ka saba da shayi da burodi a bakin kasuwa sai ka ga kofi ɗaya ya tashi sama da jaka biyu, tun ina lissafi har na daina don kar hawan jini ya kama ni. Abin da ya cece ni uku ne, katin shiga bas da jirgin cikin gari kyauta da ake ba duk wanda ya kama masauki a Jeneba da Lozan, ruwan famfon kan titi da ake sha ba fargaba, sai kantin Migros inda nake sayen burodi da cuku. Kantin nan kuwa ba ya sayar da giya, a 2022 ma sun yi ƙuri'a suka ce a bar shi haka.

Jeneba na ga ruwan nan da ke tsiri sama har mita 140, na yi juma'a a babban masallacinsu, shi ke nan na wuce. Lozan kuma gari ne na hawa da gangara, gwiwa ta ji jiki. Wajen ƙarfe goma na dare ina zaune kusa da babbar cocin garin ina tauna ƙuliƙuli sai na ji ana kwarara kira daga saman hasumiya, ashe mai gadi ne ke sanar da lokaci daga 10 na dare zuwa 2, kuma tun 1405 ake yin haka. Kowa da agogo a waya amma ba su sallame shi ba.

Washegari na ɗauki hanyar Labo, yankin gonakin inabin nan, a ƙafa, daga Lutiri zuwa San Saforan, kilomita 11 ne ko kusa da haka. Jama'a, gangaren dutse ne ya sauko tsaye har cikin tafkin Leman, an yanka shi hawa-hawa an tokare kowane hawa da katangar duwatsu, inabi ya cika ko'ina. Ina ganin katangun nan na tsaya cak, don na san su. Wanda ya taɓa bin hanyar Mokolo ya ga yadda ƙabilar Mafa ke jera duwatsu a jikin tsauni su tare ƙasa su shuka dawa, to aikin ɗaya ne, wahalar ɗaya ce, ruwa ya rushe ka sake ɗorawa. Na Labo kuwa limaman kirista suka fara tun ƙarni na 11 zuwa 12, UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2007, faɗinsa ya haura hekta 800.

Lokacin tsinke ne, na tarar da wani tsoho da almakashi a hannu, yatsunsa sun yi baƙi suna danƙo. Na gaishe shi da Faransanci amma bakina ya saba sai na ji na ce masa Baba, ya yi dariya ya ce mene ne Baba, na fassara masa, ya ce ya karɓa. Ya ce gonarsu rana uku take sha, ta sama, da wadda tafki ke maidowa, da zafin da katanga ke riƙewa ta saki da dare. Ya sa na dafa katangar, wallahi ɗumi kamar bangon ɗakin ƙasa bayan magariba. Na nuna masa hoton Mokolo a waya ya daɗe yana buɗe hoton da yatsa, tambayarsa ɗaya, da me kuke sauko da amfanin? Na ce da ka mana. Shi kuwa wani ɗan keke gare shi mai bin ƙarfe guda, yana hawa da akwatuna.

Sai ga kofi an miƙo, farar giyarsu ta inabin da suke kira Shasla. Na ce Baba a yi haƙuri, ni musulmi ne. Bai ɓata rai ba ko kaɗan, ya shiga ciki ya ɗebo min ruwan inabin da aka matse da safiyar nan wanda bai fara tsami ba, gurɓi-gurɓi da shi, zaƙi har ka. Kofi biyu na sha, cikina ya biya bashin da yamma, wannan kuma ba na rubutawa ba ne.

Daga Monturo na hau jirgin ƙasa mai haƙora zuwa dutsen Roshe-da-Ne, mai tsayin mita 2,042. Rigar gwanjo ta ci amanata a can, ɗan Garwa da ya saba da zafin Afrilu sai ga shi haƙora na haɗuwa. Tafkin gaba ɗaya yana ƙasa shuɗi, ƙetarensa Faransa ce, na tuna tafkin Lagdo na ce Allah sarki. A ƙafa na gangaro wani ɓangaren don in rage kuɗi, shanu da ƙararrawa a wuya suna kiwo ba makiyayi ba sanda, na ɗauki bidiyo na tura wa kawuna da ke da garke wajen Pitowa, ya turo murya yana tambaya wai su can ba ɓarayi ne.