Yawan filatilet daban, aikinsu daban

Cikin aikinmu na ɗakin gwaje-gwaje a nan Kano, na sha ganin iyaye sun kawo yaro mai yawan haɓo ko zubar jini daga dasashi, a ƙirga filatilet ɗinsa, wato ƙwayoyin da ke toshe rauni, a same su tsakanin 150,000 da 450,000 a kowace maikurolita (ɗan ƙaramin ma'auni) ta jini, sai kowa ya saki jiki. Wannan yana damuna ƙwarai, domin ƙirge ba ya nuna ko ƙwayoyin suna iya manne wa juna.

Hanyar auna wannan mannewa da masanin kimiyya Gustav Born ya fito da ita a 1962 ita ce har yanzu ma'aunin da aka fi dogara da shi. Ana juya jini a na'ura a hankali a ware ruwansa da ke gurɓace saboda yawan filatilet, a zuba masa sinadarin da ke sa filatilet dunƙulewa, kamar ADP, kolajin ko ristosetin, sannan a haska shi. Idan ƙwayoyin suka dunƙule, ruwan ya washe, haske ya ƙara ratsawa, na'urar ta zana hakan. Mai cutar Glanzmann, wadda ake gado kuma ta fi bayyana inda auren zumunci ya yawaita, ƙirgensa lafiya lau ne, amma ƙwayoyinsa ba sa dunƙulewa sai da ristosetin.

Gwajin yana da tsarabe-tsarabe. Ba a sa jinin a firiji, kuma dole a kammala cikin awa 4. Ina roƙon 'yan'uwa su riƙa faɗa wa likita idan sun sha asfirin, domin tasirinsa kan filatilet yana kai kwana 7 zuwa 10, kuma yana gurɓata sakamakon.