Ba duk shirun famfon mai ne mutuwarsa ba

Motata Toyota Sienna ce ƙirar 2005, da ita nake jigilar fasinja da kaya daga ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim zuwa Kano da kasuwannin kewaye. A ƙarshen daminar bara, ranar wata Asabar da safe, ta ƙi tashi. Kik yana juyawa da ƙarfinsa, batir lafiya lau, fitilun dashbod duk sun kawo, amma injin bai ko yi tari ba. Washegari kuma Lahadi ce, ranar kasuwar Gujungu, wadda duk direban yankinmu ya san cinikinta ya fi na sauran ranakun mako.

Bakaniken da aka kira mini daga bakin titi ya yi abin da kowa yake yi. Ya murɗa mukulli, ya kara kunne a bakin tanki, bai ji komai ba. Ya cire robar shigar iska ya fesa ɗan fetur, aka yi kik, injin ya kama na ɗan lokaci ya mutu. Sannan ya sa yaronsa ya shiga ƙarƙashi ya bubbuga tanki da itace ana yin kik, sai ga mota ta tashi, ta yi aiki kaɗan, ta sake ɗaukewa. Ya share hannunsa ya ce, "Alhaji, famfo ne, ba sai an wahala ba. Ka ba da kuɗi a shiga Ƙofar Ruwa a samo ɗan Beljiyam."

Har yanzu idan na tuna yadda hujjojin nan uku suka yi kama da gaskiya, raina yana ɓaci, domin babu ko ɗaya a cikinsu da ta tabbatar da abin da aka ce ta tabbatar. Da na biye masa, da an sauke tanki, domin a wannan ƙirar ba a kai wa ga famfo sai an kwance tankin gaba ɗaya daga ƙasa, da na biya kuɗin kaya da na aiki da na motar zuwa birni, a ƙarshe kuma a ɗaura sabon famfo motar ta ci gaba da kwanciya.

Abin da ya tsayar da ni shi ne ɗan ƙanwata, wanda ya koyi aikin wayarin mota a Kano. Da na kira shi na zayyana masa komai, sai ya ce, "Kawu, don Allah kada a taɓa tankin nan sai na zo." Shi ne ya fara warware mini zancen shirun. Motoci da yawa, irin su Sharan da ta cika tashoshinmu, famfonsu yana yin gurnani na kamar daƙiƙa 2 da zarar an murɗa mukulli, don ya tara ƙarfin mai kafin a yi kik. Yawancin Toyota na wancan zamanin ba haka suke ba. Kwamfutar motar ba ta ba famfo wuta sai lokacin da kik yake juyawa ko injin yake aiki, kuma a lokacin ƙarar kik ta rufe komai. Wato shirun da aka saurara aka yanke hukunci da shi, shiru ne da lafiyayyen famfo ma zai yi. Fesa fetur kuwa gwaji ne mai kyau, amma iyakar abin da ya nuna shi ne fulogi suna ba da wuta kuma mai ba ya isowa. Bai faɗi dalilin rashin isowar ba.

Da ya iso, fis ɗin EFI, wato na tsarin tura mai cikin injin, da rile ɗin famfo, makunnin da yake ba shi wuta, ba su ɗauke mu lokaci ba, duka biyun lafiya. Sai ya shiga ƙarƙashin mota ya zare soket ɗin wayar da take tafiya tanki, ya ɗora mita, na yi kik. Mita ta nuna wuta kusan daidai da ta batir, ƙasa kaɗan da bolt 12 saboda kik yana ja. Bakaniken da yake tsaye ya ce magana ta ƙare, ga wuta tana zuwa, famfo ne ba ya karɓa. Ni ma a lokacin gabana ya faɗi, na fara lissafin wanda zan nema rance.

Ɗan ƙanwata bai ce komai ba. Ya ɗauko tsohon ƙwan fitilar gaba mai wat 55 da ya ɗaura wa wayoyi biyu, ya haɗa a wurin da mitar ta kasance, ya ce in sake yin kik. Ƙwan da ya kamata ya haska ƙarƙashin motar duka, da ƙyar zarensa ya yi ja. Nan ne gaskiyar ta fito. Mita ba ta jan wuta, don haka ko sili ɗaya ya rage a cikin waya za ta nuna cikakken adadi. Famfo kuwa yana buƙatar wuta mai yawa, amfiya da dama, kafin ya juya ya tura mai da ƙarfin da ya haura bar 3 a ma'aunin matsin mai, wanda nozul masu fesa mai cikin injin suke buƙata. Waya mai rauni tana iya gamsar da mita ta kasa ɗaukar nauyin famfo, kamar igiyar guga da ta tsufa, wadda take riƙe guga babu ruwa amma ta tsinke idan ya cika.

Muka bi wayar da hannu da fitilar wayar salula, har muka iske wurin a saman ƙarfen da ke kusa da tanki. Ɓera ya ci robar ya gutsure yawancin silin jan ƙarfen, abin da ya rage kuma ruwa da taɓon damina sun mayar da shi kore. Ba abin mamaki ba ne, domin gero da riɗi nake ɗauka, kuma motar a gefen rumbu take kwana. Wannan ne kuma ya bayyana bugun tankin da ya fi komai ruɗa mu. Gaskiya ne famfon da burushinsa, wato gawayin da yake kai wuta cikinsa, ya cinye yakan farka idan aka girgiza shi, amma itacen nan ba famfo kaɗai ya girgiza ba, har da wayar da take dab da shi. Silin suka haɗu na ɗan lokaci, mota ta tashi, aka ɗora laifin a kan abin da ba shi da laifi.

Ya cire kan batir, ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya haɗa sabuwar waya mai kauri ɗaya da ta asali, ya yi mata dalma maimakon murɗawa da hannu, ya naɗe ya zura ta cikin roba. Kik ɗaya ta tashi. Na je Gujungu.

Ban ce famfo ba ya mutuwa ba. Yana mutuwa sosai a wurinmu, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 muka koma zuba lita kaɗan-kaɗan. Famfon a cikin tanki yake, fetur ne yake sanyaya shi, kuma man jarka da muke saya a hannun 'yan bumburutu idan gidan mai ya yi nisa yakan zo da ƙasa da ruwa ya toshe rariyarsa. Amma wanda yake kan hanyar mutuwa yawanci yana yin gargaɗi: kuka mai tsini daga baya, sanyin jiki idan an yi lodi ko an taka sosai, wahalar tashi bayan doguwar tafiya cikin rana. Tawa ba ta yi ko ɗaya ba, lafiya ta kwana ta wayi gari a mace, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa a fara zargin waya.

Yanzu duk direban da ya ce mini an ce famfonsa ya tafi, tambayata ita ce ko an gwada soket ɗin da ƙwan fitila ana yin kik, wayar wuta da ta ƙasa mai haɗuwa da ƙarfen jikin mota duka biyu. Idan ƙwan ya haska fes kuma mai bai zo ba, to a sauke tanki, a nesa da garwashi da sigari, bayan an cire kan batir. Idan bai haska ba, kada a ba kowa kuɗin zuwa Ƙofar Ruwa.