Kafin Ɗan Gudun Hijira Ya Nemi Koren Fasfo

Mu mutanen Katsina da Daura mun tashi ba mu ɗauki iyakar ƙasa da wani nauyi ba. Mutum yakan karya kumallo a Jibiya ya yi sallar azahar a Maraɗi, wani ya bi ta Kongolam ya kwana a Damagaram, kuma da wuya a sami gidan da ba shi da dangi a ɗaya ɓangaren. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979, wadda ta bai wa ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar zama kwana 90 a wata ƙasar ba tare da biza ba, ta ƙara mana wannan sakewa. Illar wannan sabo ita ce muna auna kowace ƙetarawa da ma'aunin fatauci da zumunci, alhali wanda ya ƙetara yana gudun ransa, aka rubuta sunansa cikin 'yan gudun hijira, ya shiga ƙarƙashin wata doka dabam mai nata sharuɗɗa. Ina so matasanmu su san waɗannan sharuɗɗa tun kafin su buƙace su, domin ni ban san su ba sai bayan da jahilcina ya yi wa wani ɓarna.

Da farko a rarrabe mutum biyu da bakinmu yake kira da suna ɗaya. Wanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Batsari ko Safana ya zo ya raɓe a cikin garin Katsina, ɗan gudun hijira ne na cikin gida. Bai bar ƙasarsa ba, gwamnatin Najeriya ce ke da alhakin kare shi, kuma idan tafiya ta kama shi, fasfon da kowa ke nema da lambar NIN shi ma zai nema a hukumar shige da fice, mai shafi 32 na shekara 5 ko mai shafi 64 na shekara 10. Wanda kuwa ya tsallaka zuwa Jihar Maraɗi, kamar dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina da suka yi haka tun daga 2019, aka yi masa rajista, shi ne Yarjejeniyar Geneva ta 1951 da Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969, dukansu kan 'yan gudun hijira, suka shafa. Ma'anar matsayinsa a doka ita ce kariyar ƙasarsa ba ta isa gare shi ba, don haka ƙasar da ya fake a cikinta ta karɓi nauyin.

Ɗan yayata yana cikin kashi na biyu. Yaro ne mai ƙoƙarin karatu, ya gama sakandare kafin a tarwatsa ƙauyensu, kuma bayan sun daɗe a wajen Maraɗi sai aka sanar da wata damar karatu a waje da aka keɓe wa matasan da ke da rajistar gudun hijira. Ya zo ya same ni a shago da takardarsa a naɗe cikin leda, ta yi laushi don yawan ninkewa, hotonsa a kusurwa, rubutun duk da Faransanci. Ya ce, “Kawu, an ce idan an ɗauke mu za a yi mana takardar tafiya a can, amma ana cewa tana jinkiri.” Na juya takardar sau ɗaya na miƙa masa, na ce wannan ai ta karɓar gero ce, ɗan Najeriya da ke da kawu a birni bai kamata ya tsaya jiran takardar alfarma ba. Ni da na je Hajji nake ganin babu abin da ya shige mini duhu a harkar tafiya, shi kuma an raine shi a kan cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na biya kuɗi aka yi masa koren fasfo, ya koma yana murna.

Ranar tantancewa ya fito da fasfon da hannunsa, yana zaton ƙarin daraja ne. Wanda ke yi masa tambayoyi ya duba ranar da aka bayar da shi, ya ga ta zo bayan ranar rajistarsa, ya tambaye shi yadda mai gudun hijira ya koma ƙasarsa har hukumarta ta yi masa fasfo. Ba a kore shi ba, ba a kuma ci mutuncinsa ba, an dai ajiye takardunsa a gefe don a sake nazarin matsayinsa, kuma kafin a gama nazarin lokacin karɓar ɗalibai ya wuce.

Abin da ban sani ba a lokacin yana nan a rubuce a sashe na 1C na Yarjejeniyar 1951, kuma ta Afirka ta maimaita shi: matsayin ɗan gudun hijira yana iya faɗuwa idan mutum da ganin damarsa ya sake neman kariyar ƙasarsa. Littafin jagora na Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya fayyace cewa wanda ya nemi fasfon ƙasarsa ya samu, ko ya sabunta tsohon, za a ɗauka niyyarsa ke nan sai in ya kawo hujjar da ta nuna akasin haka. Neman takardar haihuwa ko ta aure bai shiga wannan hukunci ba, domin waɗannan shaida ce kawai, fasfo kuwa magana ce ta gwamnati cewa wannan mutum nata ne kuma tana tsaye a bayansa a duk inda ya je. A ganina dokar tana da tsauri a kan irin mutanenmu, waɗanda 'yan bindiga suka koro ba gwamnati ba, amma ra'ayina bai hana ta aiki a kan ɗan yayata ba.

Takardar da na raina kuwa tana da tushe mai tsawo. Asalinta fasfon Nansen na 1922, wanda aka ƙirƙiro saboda mutanen da suka tsere daga Rasha suka wayi gari ba su da ƙasar da za ta ba su takarda. Sashe na 28 na Yarjejeniyar 1951 ya wajabta wa ƙasar da ta sa hannu ta bai wa ɗan gudun hijirar da ke zaune cikinta bisa doka takardar tafiye-tafiye, sai fa in akwai ƙwaƙƙwaran dalilin tsaro. Ɗan littafi ne mai kama da fasfo, galibi shuɗi, da layi biyu a karkace a kusurwar bangonsa. Gwamnatin ƙasar da mutum ya fake ce ke bayar da shi, ba Majalisar Ɗinkin Duniya ba, kuma babban amfaninsa shi ne alkawarin da ke ciki cewa ƙasar za ta sake karɓar mai shi idan ya dawo kafin wa'adin ya ƙare. Wa'adin da yarjejeniyar ta ambata shekara ɗaya ne ko biyu, ko da yake wasu ƙasashe suna ba da fiye da haka. Ku lura da iyakokinsa: ba ya mai da mutum ɗan ƙasar da ta ba shi, ba ya ɗauke masa neman biza, kuma a al'ada ana rubuta cewa yana aiki a ko'ina ban da ƙasar da mutum ya gudo daga cikinta.

Kuskurena na biyu ya fi na farko ƙanƙanta a ido, amma ya fi shi wuyar gyara. A Nijar ana rubuta suna da ƙa'idar Faransanci, Usman ya zama Ousmane, Abubakar ya zama Aboubacar, kuma wanda bai san ranar haihuwarsa ba sau da yawa ana sa masa 1 ga Janairu. Ni kuma da ana cika takardu a nan, na faɗi sunan yadda muke rubuta shi, na sa sunan ƙauyensu a matsayin na ƙarshe inda can aka sa na mahaifinsa, shekarar haihuwa kuma na faɗi wadda na tuna. Sai ga yatsun mutum ɗaya a na'ura da sunaye biyu da shekaru biyu. Jami'in da bai san yaron ba ba shi da dalilin ɗaukar wannan a matsayin ganganci na dattijo. Duk ranar da za a fara rubuta sunanku a wata rajista, ku tsaya a karanta muku abin da aka rubuta, ku gyara nan take, sannan ku riƙe wannan rubutun a kowace takarda da za ta biyo baya, ko da ba haka malaminku na firamare ya koya muku ba.

Batun ejan ba ya buƙatar dogon bayani. Rajistar gudun hijira da duk hidimar hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya kyauta ce, kuma waɗanda ake sake tsugunarwa a wata ƙasa ta uku ba su kai ɗaya cikin ɗari na 'yan gudun hijirar duniya ba a shekara. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya sa sunanku a jerin masu tafiya Kanada ko Amurka, musamman in kuna zaune a Katsina ba ku ƙetara ko'ina ba, kuɗinku kawai yake so.

Ba ina cewa koren fasfo abin gudu ba ne. Wanda ƙauyensu ya lafa ya yanke shawarar dawowa gida, shi ne takardarsa, sai dai ya sanar da waɗanda suka yi masa rajista a rufe matsayinsa a fili. Haka ziyarar gida, littafin jagoran da na ambata ya bambanta wanda ya leƙo don duba mahaifi tsoho ko mara lafiya da wanda ke kai da kawowa don kasuwanci, to amma hikima ita ce a tambaya kafin a taso, a ofishin da ke riƙe da rajistar, ba a majalisar ƙofar gida ba. Baƙin da suka fake a Najeriya kuwa, hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa da aka kafa a 1989 ita ce ƙofarsu.

Ko mu da ba masu hijira ba, sakewar da muka saba da ita ta fara raguwa. An rufe iyakokin Najeriya na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sannan Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen waɗannan ƙasashe har sai an sanar da wani sabon tsari, wato abu ne da zai iya canzawa. Saboda haka mai ƙetarawa ya tafi da takardar shaidarsa da katin allurar rigakafin cutar shawara, ya ɗauki hoton kowace takarda a wayarsa, ya kuma bar kwafi wajen wani ɗan'uwa a gida.