Yau mun wuni a Palo Duro, wajen kaboyin gaske

Asabar da dare, Amarillo, Tekzas.

Ƙafata ciwo take amma bari in rubuta kafin barci ya ɗauke ni. Bayan asuba muka cika motar haya muka nufi kudu, ƙasa shimfiɗe kamar faranti, ba dutse ba tudu sai shingen waya mai ƙaya hagu da dama har iya ganinka. Direbanmu yana ta mitar wai an yaudare shi, ina kwazazzabon da ake ta zuzutawa, kawai sai ƙasa ta tsage a gabanmu. Palo Duro ke nan, kwazazzabo na biyu a girma a duk Amurka, zurfinsa ya kai ƙafa 800, jar ƙasa da rawaya hawa-hawa. Hajiya da ke kujerar baya sai salati take.

Can ƙasa muka ga irin ɗakin da Charles Goodnight ya zauna lokacin da ya koro shanu wajen 1,600 ya shigo a 1876, rami ne aka haƙa a jikin tudu aka rufa da itace da ƙasa, ni da nake dogo sai da na sunkuya wajen leƙawa. Mutumin da daga baya shi da John Adair suka kafa gandun shanun JA, nan ya fara. Abin da ya tsaya min a rai shi ne shekarun. A Satumba 1874 Kanar Mackenzie na sojan Amurka ya faɗo wa ƙabilun 'yan asalin ƙasar, Komanci da Kiowa da Cheyenne, a cikin wannan kwazazzabo, ya ƙone tantunansu da abincin da suka tara na sanyi, ya kwashe dawakansu aka harbe sama da 1,000. Ba doki ba abinci, dole suka miƙa wuya. Shekara biyu kacal sai ga shanu. Mu dai a finafinan kaboyi da muka kalla muna yara tafi muke yi in sojoji sun iso, ba wanda ya taɓa ce mana gidan wasu ne.

Azahar a gindin wata bishiya muka yi, iska tana ta ɗage dadduma.

Da rana muka je wani gandun shanu da ke karɓar baƙi, kuma wallahi nan ne na sha dariya. Na zaci zan ga mutum a kan doki yana wulwula igiya, sai ga wani dattijo ɗan asalin Meziko cikin tsohuwar a-kori-kura, ya danna jiniya sau ɗaya, shanu suka ɓullo daga ko'ina a guje suna kuka saboda sun san abinci ne ya zo, yana tafiya a hankali dunƙulen abincin yana zubowa ta baya. Yaya, babban cikinmu wanda ya taso wajen Fulani, ya riƙe baki ya ce to ina amfanin sanda. Dattijon ya ce doki yana nan, sai ranar tara garke da yi wa maruƙa lalas, sauran ranaku gyaran shinge ne da duba famfon iska ko ruwa na zuwa kwami. Ya nuna mana hannunsa duk tabon waya. Ita wannan wayar da Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874 tana cikin abin da ya kashe kiwon sake, aka toshe burtalolin da ake kora shanu har Kansas a loda su a jirgin ƙasa. Yaya ya yi shiru, can ya ce mu ma rigimar burtalin ce dai a gida.

Abincin dare a bayan keken girki irin na da, shi ma Goodnight ake cewa ya ƙirƙiro shi. Hajiya ta tsare mai girkin da tambaya ko akwai alade a waken, akwai kuwa, sai muka ƙare da burodi da masara da kofi mai ɗaci. Gobe gandun dajin Caprock Canyons za mu je ganin baunar da matar Goodnight, Mary Ann, ta sa aka ceci kakanninsu tun suna maruƙa, in direba ya tashi da wuri.