Kakapo, akun da ba ya tashi

A dazukan Niyu Zilan akwai wani aku mai suna kakapo, wanda ya fi kowane aku nauyi a duniya, domin namijinsa yakan kai kilo 4. Gashinsa kore ne kamar gansakuka, fuskarsa kuma sai ka ce ta mujiya. Ba ya tashi sama. Da dare yake fitowa kiwo, yana tafiya a ƙasa, yana hawan bishiya da faratansa da bakinsa.

Abin da ya fi ba ni tausayi game da shi shi ne yadda dabarar da ta daɗe tana kare shi ta koma sanadin halakarsa. Kafin zuwan ɗan Adam, abokan gabarsa tsuntsaye ne irin su gaggafa, waɗanda da ido suke farauta, saboda haka da ya ji motsi sai ya ƙame wuri ɗaya ya saje da ganye. Da mutane suka shigo da ɓeraye da kuliyoyi, sannan a shekarun 1880 aka kawo wata dabba mai kama da tunku don ta rage yawan zomaye, sai lissafi ya canza, domin waɗannan da hanci suke bin sawu, shi kuwa kakapo yana da ƙamshi mai ƙarfi, ga shi ba ya gudu. A shekarar 1995, guda 51 kacal aka san sun rage.

Haihuwarsa ma tana da wuyar sha'ani. Ba ya yin ƙwai sai shekarar da wata bishiyar ƙasar mai suna rimu ta yi 'ya'ya sosai, wato bayan shekara biyu zuwa huɗu. Namiji yakan haƙa ɗan rami a kan tudu, ya kumbura ƙirji, ya kwana yana wani irin gurnani mai zurfi da ake ji daga nesa, har mace ta zo ta zaɓa. Daga nan babu ruwansa. Ita kaɗai za ta yi kwanci, kuma duk daren da ta fita neman abinci a buɗe take barin sheƙarta.

Yanzu hukumar kare namun daji ta ƙasar ta tattara su a tsibiran da aka kawar da dabbobin da ke farautarsu, musamman Whenua Hou, inda kowane tsuntsu yake ɗauke da na'urar da ke nuna inda yake. Yawansu ya kai 252 a shekarar 2022, amma kusancin jini na sa ƙwai da yawa ba sa ƙyanƙyashewa.