Godiya Bayan Zamanmu na Ranar Asabar a Toruń

Assalamu alaikum. A madadin 'yan'uwana ɗalibai 'yan Afirka da ke karatu a nan Toruń, ƙasar Polan, ina miƙa godiya ga duk wanda ya amsa kiranmu, muka haɗa gudummawa domin ɗan maƙwabcinmu da ya faɗi a wajen atisayen tseren babur na speedway, ya ji rauni a gadon baya. Allah ya saka da alheri.

Godiya ta musamman ga dattijon nan, tsohon makanike. Baba, kai ka riƙe mana zaman. Ya zo da takalmin ƙarfen da mahaya ke ɗaurawa a ƙafar hagu, gefensa ya cinye saboda gogar ƙasa, muka riƙa miƙa wa juna muna dubawa. Ya ce mu tuna babur ɗin ba shi da birki, giya ɗaya gare shi, kuma mutum huɗu ne ke zagaye fili sau huɗu kafaɗa da kafaɗa.

Daga nan ya ɗauko tarihin Per Jonsson, ɗan ƙasar Suwidin, haifaffen Stockholm a 1966. A 1990 ya zama zakaran duniya a filin Odsal da ke Bradford, bayan sun yi kunnen doki da Ba'amurke Shawn Moran aka sake gwabzawa. Ya yi wa ƙungiyar Reading wasa a Ingila, ya yi wa ƙungiyar Apator ta Toruń, a 1992 kuma ya zo na biyu a duniya. Sai a Yunin 1994, a karawa da ƙungiyar Polonia a garin Bydgoszcz na nan Polan, ya yi faɗuwar da ta zaunar da shi a keken guragu yana ɗan shekara 28.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne mutanen garin nan ba su yar da shi ba. Baƙo ne, bai ƙara ci musu ko maki ɗaya ba, amma titin da filin tseren garin, Motoarena, yake a kai sunansa aka sa masa. Wallahi wannan halacci ne. Da Baba ya kawo nan, mahaifiyar yaron ta share hawaye da gefen gyalenta, ta ce a ci gaba.

Mun gode wa matan da suka dafa abinci da matasan da suka kwashe kujeru. An damƙa kuɗin a hannun iyayen yaron, za a sa su a gashin ƙashi. Wanda bai samu zuwa ba, ƙofa a buɗe take har ƙarshen wata. Allah ya ba yaron lafiya, ya tashi kafaɗunsa.