Ciro stem sel daga fatar ɓera: tun a reza ake gane aikin

Da yawa suna ɗauka wahalar aikin ciro stem sel, wato ƙwayoyin asali da ke haifar da sababbin ƙwayoyi, a gaban mashin ɗin FACS mai ware ƙwayoyi take, ni dai abin da na gani a lab ɗinmu ba haka ba ne, tun wajen zaɓen ɓera da kankare kitse magana take ƙarewa.

Ƙwayoyin da muke nema suna zaune ne a wani ɗan kumburi a jikin saiwar gashi, wurin da Cotsarelis da abokan aikinsa suka nuna a 1990. Baƙin ɓera nau'in C57BL/6 muke ɗauka, mai sati 7 zuwa 8, lokacin gashinsa na hutu. In ka aske bayan ka ga fatar ta yi jaja-jaja to shi ke nan, in ta yi baƙi kuwa gashi ya fara tsiro, saiwa ta nitse can ciki, tiripsin, maganin da ke raba ƙwayoyi da jikin fata, ba zai sako maka su yadda kake so ba.

Bayan an kashe ɓeran bisa ƙa'idar kwamitin kula da dabbobi, sai in shimfiɗa fatar gashi a ƙasa in yi ta kankare kitsen nan da reza, a hankali dai kar ta yage, har sai ta yi shara-shara kamar ledar biredi, wallahi nan hannu yake gajiya amma in ka bar kitse maganin ba zai ratsa ba. Daga nan in ɗora ta kan tiripsin 0.25%, gashi a sama, ta kwana a firij a digiri 4. Da safe in kankaro ƙwayoyin saman fatar, in tace da rariya mai maikiron 70 sannan 40, komai a kan ƙanƙara.

Mashin ɗin FACS kuma ƙwayoyi masu alamomin CD34 da alfa-6 integrin a jikinsu yake warewa, rinin DAPI ya fitar da matattu.

Amma alama kaɗai ba ta ishe ni hujja ba. Sai na shuka ƙwayoyin da mashin ya ware kan ƙwayoyin 3T3 masu ciyar da su, waɗanda aka tsayar da hayayyafarsu da maganin mitomycin C, cikin ruwa mai ƙarancin kalsiyam, wajen sati biyu ina leƙawa. Wanda ya yi babban gungu mai santsin baki, ƙwayoyinsa ƙanana a matse, shi masana Barrandon da Green suka kira holoclone a 1987, kuma shi nake ƙirgawa a matsayin hujjar stem sel.